Kunne a Rijiyar Gwadabe

Rijiyar Gwadabe ta fara kuka ne a bazarar shekarar fari, shekara guda bayan motoci sun koma bin hannun dama. Ba kullum take yi ba, kuma ba ta yi sai rana ta take tsaka, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Sai a ji wani gurnani yana tasowa daga ƙasa, kamar saniya na kiran ɗanta daga bayan gari, ya ɗan ja, ya yi shiru. Wasu suka ce ya fi kama da busa a bakin tulu. Wata tsohuwa kuwa ta rantse nishin mijinta ne sak, lokacin da haƙori ke damunsa, ga shi mijin ya shekara ashirin a kabari.

Unguwar ƙarama ce, gabas da Balan, gidajenta ba su fi ashirin ba. Rijiyoyi uku gare ta, biyu sun ƙafe tun kafin azumi. Wadda ta rage ita ce wadda marigayi Gwadabe ya haƙa da hannunsa, gaba goma sha shida, jikin dangar gidansa. Matarsa Hansai na nan a gidan ita kaɗai, gwiwoyinta sun ƙi, taku goma ne tsakanin randarta da bakin rijiyar. In babu wannan rijiya, sai ta siminti da ke cikin Balan, tafiyar sa'a guda ga mai jaki. Hansai ba ta da jaki.

Kabo, ƙanen marigayin, yana da jakai biyu. Sansa na noma ya sha ruwan rijiyar da hantsi, kafin la'asar ya kumbura ya mutu. Bayan kwana huɗu 'yarsa Larai ta yanke jiki ta faɗi da guga a hannu. Daga nan Kabo ya ce baƙin aljani ne ya tare a ciki, kuma babu magani sai a cike ta da ƙasa.

Labarin ya iske Inuwa, ɗan farin Hansai, a rumfarsa ta gyaran rediyo a kasuwar Gaya. Ranar Litinin ya hau keke ya zo. Ya tarar an jera kwanduna da shebur a ƙofar masallaci, Kabo na zaune kusa da Liman Haruna, dattawa kewaye da su. Ya jingine keken, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Baffa, barka da hutawa."

"Ka ga alamar hutu a nan?" in ji Kabo, bai ko dube shi ba. "Sana ya mutu, ƙanwarka na kwance ba ta san wanda ke kanta ba. Sai yanzu ɗan waya ya tuna yana da gida."

"An ce mini gyauron dawa san ya ci, Baffa. Ko a Gaya shanu biyu sun..."

"An ce maka. Wa ya ce maka? Akwatin?"

Dattawa suka yi dariya. Tun ranar da Inuwa ya ajiye fartanya ya tafi Kano koyon gyara, ya bar gonar gado a hannun baffansa, ba su ƙara zama inuwa ɗaya sun tashi lafiya ba. Kabo na cewa mutumin da ke ci daga cikin hanjin akwati ba namiji ba ne, ɓera ne.

Inuwa ya juya wajen liman. "Allah gafarta Malam, ruwa ne ya ja baya, ya bar wani kogo a jikin rijiyar. In rana ta yi zafi sai kogon ya riƙa huci. Ku ba ni kwana uku in haɗa kunne in zura ciki, kowa ya ji da kansa."

"Kunne?" in ji liman.

"Na'ura ce. Duk abin da ke motsi a ƙasa za ta hauro da shi, ta ƙara masa ƙarfi. In huci ne, huci za mu ji. In kuwa akwai mai rai, ai mai rai ba ya rasa magana."

Kabo ya juyo, karo na farko. "In muka ji magana fa?"

"Ba za ku ji ba."

"Tambayarka na yi, mara kunya. In muka ji fa?"

"Wallahi ni zan zuba kwandon farko."

"Kun dai ji ya rantse," in ji Kabo, yana bin dattawan da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ranar Alhamis. Kada wanda ya mayar da kwandonsa gida."

A zauren mahaifinsa Inuwa ya baje kaya. Ya zo da babbar rediyo mai cin batir shida, wadda mai ita ya bari ta shekara biyu bai waiwaye ta ba, da wata ƙarama da mota ta taka. Daga ƙaramar ya ciro sifika. Abin da mutane ba su sani ba, kuma shi ya fi ba Inuwa sha'awa a duk sana'ar, shi ne sifika in ka juya mata aiki kunne ce. Fatar da ke rawa ta fitar da murya, ita ce kuma ke rawa in murya ta buge ta. Ya zaunar da ita a gwangwanin madara, ya huda gindin da ƙusa, ya toshe gefe da kakin zuma saboda laima. Babbar rediyon kuwa ya buɗe bayanta, ya sa ƙarfen dalma a garwashi, ya cire eriya, ya cire baƙar sandar ciki mai naɗin waya wadda ke kamo tasha, ya cire abin murɗawar gaba ɗaya. Bai bar komai ba sai ɓangaren da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Batiran ya jera su a kan katanga su sha rana.

Ya kama gyare ya jefa a cikin tsohon tulu, ya zura gwangwanin da 'yar guntuwar waya kamu biyu, ya kunna. Sai ga ƙafafun gyare suna karta kamar mutum na shara a tsakar gida. Ya zauna yana saurare har garwashi ya mutu. Ya gwada da tururuwa, ya gwada da cikinsa bayan ya sha fura. Doguwar wayar da zai yi aikin da ita, wadda ya warware daga tsohon dainamon mota, siririya ce kamar gashin wutsiyar doki. Ya naɗe ta a jikin kara, bai kwance ba, don gudun kada ta harɗe.

Gaskiyar magana, shi kansa bai san abin da yake so ya ji ba. Tun yana ƙarami yakan kwanta rub da ciki a bakin rijiyar nan yana leƙa ɗan farin idon ruwan, yana tunanin wane ne ke leƙo shi daga can. Da ya fara buɗe rediyo a Kano ya ga babu kowa a ciki, sai da ya yi kwana biyu ba ya jin daɗin abinci.

Hansai ta dafa bango ta leƙo zauren. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne.

"Kai, mai kwaramniya. An ce ka yi rantsuwa a gaban mutane."

"Na yi, Inna."

"Da izinin wa? Rijiyarka ce?"

"Ai don a bar miki ita na yi."

"Da ka bar ni da Kabo, da na san yadda zan yi da shi. Tun yana yawo ba wando nake wanke masa kai. Yanzu ka je ka ɗaura rijiyata a wuyan gwangwani." Ta dubi tarkacen da ke kan tabarma, ta taɓe baki. "In aka cike ta, ka kawo kwando na biyu ka zuba a kaina, ka huta."

Ranar Alhamis tun hantsi mutane suka taru, har daga Toranke wasu suka zo a ƙafa. Maza suka kewaye rijiyar nesa-nesa, mata suka tsaya bayan danga. Inuwa ya ajiye akwatin, ya ɗaga eriyar da baƙar sandar da abin murɗawar sama, kowa ya gani.

"Jama'a, waɗannan su ne ke kamo Kaduna da Kano. Na cire su. Wannan akwati ya daina zama rediyo. Duk abin da kuka ji ya fito daga bakinsa, daga cikin rijiyar nan ya fito, ba daga wani wuri ba."

"Miƙo su nan," in ji Kabo. Ya karɓa ya zuba a aljihun rigarsa. "Kuma ba za ka zauna a bakin rijiya ba. Na san halinka, sai ka sa yatsa ka toshe wani abu. Koma can gindin kuka. Ni zan zura gwangwanin."

"Baffa, da nisa."

"Wayarka ba ta kaiwa ne?"

Tana kaiwa. Aka ɗauki akwatin aka kai gindin kuka, taku arba'in daga rijiyar. Kabo ya ce kada wayar ta taɓa ƙasa, kada wani ya taka ta da gangan, saboda haka aka kafa gwafa uku, aka ɗora ta a kai, ta miƙe a sama tana ƙyalli kamar igiyar shanya. Inuwa ya dube ta, wani abu ya ɗan taɓa masa zuciya, amma ido ya yi masa yawa, bai tsaya ya bi tunanin ba. Kabo ya yi bisimilla da ƙarfi, ya shiga sakin gwangwanin a hankali har ya kusa taɓa ruwa.

Inuwa ya kunna.

Da farko shuuu kawai ake ji, kamar ana tankaɗe. Sai ɗigon ruwa daga jikin rijiyar, kowane ɗigo kamar an saki taɓarya a turmi. Wani ya ce, "Ikon Allah!" aka ce masa ya yi shiru. Inuwar mutane ta yi ta guntulewa. Can sai kukan ya taso. A bakin rijiya ɗan gurnani ne kamar kullum, amma a bakin akwatin sai ya fito ƙato, har fatar sifika na karkarwa. Mutane suka ja da baya, wata mata ta saki tulu.

"Ku saurara da kyau!" in ji Inuwa, ya miƙe tsaye. "Akwai harafi a ciki? Akwai kalma? Huci ne kawai, irin na..."

Wani siririn fito ya ratsa hucin, ya hau, ya sauka. Daga bayansa sai muryar namiji, a natse, daga nesa ƙwarai, amma kowane harafi a fili:

"Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu."

Babu wanda ya yi shawara da wani. Bakin kowa ya buɗe da kansa, maza da mata, har da Inuwa: "Wa alaikumus salamu!" Muryar Kabo ta fi ta kowa, shi ne ma ya kai ta har ƙarshe, da rahama da albarka, don shi mutum ne da ba ya yarda a fi shi cika amsa. Muryar ta ci gaba da Larabci, kalma biyar ko shida, ta nutse cikin shuuu, ba ta sake dawowa ba.

Inuwa ya ɗaga kai ya dubi wayar da ke shanye a kan gwafa, sai ya gane. Ya san wannan fiton, kullum yana jin sa a rumfa in yana neman tashoshin gajeren zango. Ya cire eriya mai kamu biyu, ya ɗaura wa akwatin wata mai taku arba'in da gaba goma sha shida. Da guntuwar waya ya yi gwaji, shi ya sa bai gani ba.

"Ku tsaya!" Ya ɗaga hannu biyu. "Rediyo ce! Wata tasha ce ta ƙasar Larabawa, wayar nan ce ta jawo ta. Kuskurena ne, ku bari in..."

Kabo ya sa hannu a aljihu, ya zaro baƙar sandar, ya ɗaga. "Rediyon ga ta a hannuna. Ko ba kai ka ce ba?"

"Na ce, amma..."

"Ya ce ko bai ce ba, jama'a?"

"Ya ce!"

"Maƙaryacin banza! Ɗazu akwatin ba rediyo ba ne, yanzu da ya tona maka asiri ya koma rediyo. Ku kawo kwando."

Kabo da kansa ya cika kwandon, ya danna ƙasar da ƙafa don ya ƙara nauyi, ya sa aka ɗora wa Inuwa a ka. Aka dare masa hanya. Wani daga baya ya ce, "Injiniya, a yi a hankali kada waya ta harɗe ka." Ƙasa na zubo masa a wuya, ya taka har bakin rijiyar da ubansa ya haƙa.

Ya tarar da Hansai zaune a kan itacen bakin rijiyar, ta miƙe ƙafafu. Babu wanda ya ga lokacin da ta fito.

"Tashi, Hansai," in ji Kabo.

"Ƙanen miji, zo nan in tambaye ka." Ita kaɗai ce a unguwar ke iya yi masa magana haka a gaban mutane, matar wa ce, akwai wasa tsakaninsu, ko da yake yau babu alamar wasa a fuskarta. "Ɗazu na ji wani ya amsa sallama har da barakatuhu, muryarsa kamar jakin da ya ga dusa. Wane ne?"

Bayan danga aka ƙyalƙyale, aka kuma yi sauri aka toshe baki.

"Kowa ma ya amsa."

"Kai nake tambaya. Wa ka amsa wa?"

Kabo ya juya ya dubi dattawa.

"Ka ce baƙin aljani ne. Ni dai tun da nake ban taɓa jin arnen aljani ya yi sallama ba. Mutum ya yi maka sallama daga cikin ɗakinsa, ka ce masa aminci ya tabbata a gare shi, kafin bakinka ya bushe ka ɗebo ƙasa za ka rufe shi da rai. Haka yayanka ya koya maka?" Ta juya. "Malam, kai ne mai littafi. Ya halatta?"

Liman Haruna ya daɗe yana murza carbi. Tsoho ne mai tsoron rigima, kuma Kabo ne ke kai masa damin gero mafi girma duk kaka. Amma tambayar an yi ta a gaban mutanen Toranke.

"Ni dai na ji sallama cikakkiya," in ji shi a hankali, "kuma na ji bakina ya amsa. A cikinsu akwai Musulmi, wannan ba a musu. Wanda ka amsa wa sallama ka ba shi amana. Ba na cikin masu zuba ƙasar nan, kuma ban ba kowa fatawar ya zuba ba."

Wani dattijo ya sunkuya ya ɗauki kwandonsa ya kife a ka. Wani ma ya bi shi.

"Ku tsaya!" Jijiyar wuyan Kabo ta tashi. "Ai yaron da bakinsa ya ce rediyo ce! Ba ku ji shi ba? Tashar Larabawa ce!"

"Rediyon ba tana aljihunka ba?" in ji Hansai.

Wannan karon babu wanda ya toshe baki. Kabo ya tsaya yana huci, ya dubi liman, ya dubi Inuwa da ke tsaye da kwando a ka kamar gunki. Sai ya juya ya nufi gindin kuka da sandarsa. Duka uku ya yi wa akwatin. Batira suka watse, ɗaya ya gangara har ƙafar liman. Ya fizge wayar daga kan gwafa, ta tsinke, gwangwanin ya faɗa ruwa, aka ji ƙararsa can ƙasa.

"Rantsuwar fa?" Ya dawo yana nuna Inuwa da sanda. "Ya ce wallahi. Ko ita ma an yafe masa don uwarsa na da baki?"

"Zai yi kaffara," in ji liman. "Ya ciyar da miskinai goma, in ba shi da hali ya yi azumi uku."

"Ba shi da halin komai, ɓera ne. Azumi zai yi, kuma a garin nan zai yi shi, inda idona ke ganinsa." Ya tofar da yawu. "Daga yau duk wanda ya sha ruwan rijiyar nan a gidana, ya nemi wani uban."

Inuwa ya sauke kwandon a gefe, ya zazzage ƙasar a gindin danga.

Ya yi azumin a cikin wannan zafi, Kabo na aikowa a duba ko leɓensa ya bushe. Ya so ya sake zuwa wurin liman ya yi masa bayanin wayar tun daga farko, liman ya ce kansa na ciwo. A rana ta uku, wajen la'asar, Hansai ta miƙo masa guga ta ce randa ta yi ƙasa. Ya je bakin rijiyar, harshensa kamar tsumma, ya fara sakin igiya.

"Kai!" ta daka masa tsawa daga bakin danga. "Haka ake faɗa wa mutane gida?"

"Inna, na gaya miki tasha ce."

"Na ji. Yi sallama."

Ya leƙa. Ɗan farin idon ruwan na can ƙasa, gwangwaninsa na yawo a gefe. Ya yi sallama a hankali, ya ɗan jira, fiye da yadda ya kamata mai gyaran rediyo ya jira.

Kabo ya ɓullo ta hanyar Balan, yana kora jakansa biyu da tuluna, ƙura har gira. Da ya zo daidai rijiyar sai ya kawar da kai, ya zabga wa na baya sanda ba tare da ya yi laifin komai ba.

"Ƙanen miji, sannu da hanya," in ji Hansai. "In ƙishi ya dame ka, akwai ruwa a nan."

Kabo ya yi gaba da jakansa. Inuwa ya jawo gugan a cike, ya juye a tulun uwarsa, ya sake zurawa.